Shekara uku ina yi wa taron gem hidima, yau ko sannu babu: in bari ko in koma?

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke nan Katsina, shekarata 23. Shekara uku ke nan muna shirya wani ɗan taron wasan gem sau ɗaya a shekara, bayan Babbar Sallah. Mukan kama ɗakin taro na yini guda, a yi gasar ƙwallo a PS, wato na'urar gem da ake haɗawa da talabijin, masu waya su yi ta PUBG da Free Fire a gefe, har da teburin dara saboda manya. Wanda ya kawo shawarar tun farko yayan abokina ne, muna ce masa Oga, kuma da shi aka san taron. Ni ba a biyana ko kwabo, ban kuma taɓa nema ba. Ni ke rubuta sunaye, ni ke tsara wa zai kara da wa, ni ke ɗauko kujeru, ni ne na ƙarshen fita. Ni na buɗe zauren WhatsApp ɗinmu, yanzu mun haura mutum 400, kuma wani lokacin sai ƙarfe biyun dare ina raba faɗa a ciki.

Bara mutum 64 suka shiga gasar, kowa ya biya naira 2,000, daga ciki aka ba wanda ya ci. Na'ura ba ta isa ba, sai na aro PS4 ta yayana wadda yake neman abinci da ita a ɗan shagonsa na gem. Ana cikin wasa aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, aka juya layi ba a kashe komai ba, ta ƙone. Oga ya ce ƙaddara ce, za a duba. Yau wata goma ba a duba ba, kuma yayana gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da aka zo godiya an ambaci kowa, ban da ni.

Kwanan baya wani yaro ya sa hoton wata 'yar zauren da kalamai marasa daɗi, na cire shi. Ashe ɗan ƙanwar mahaifiyar Oga ne. Oga ya maido shi bai tambaye ni ba, ya kuma rubuta a gaban kowa cewa wasu na ɗaukar kansu da zafi. Yarinyar ta fita, wasu matan suka bi ta. A gida kuma Baba ya ce abin da muke yi caca ce da ɓata lokaci, ga shi na faɗi kwas biyu. Yanzu Sallah ta matso, Oga ya fara kirana kamar ba abin da ya faru. Zuciyata na ce mini in cire shi daga zauren in ja mutanen in kafa nawa, ko in rufe zauren kowa ya huta. Amma Kawu ina son abin nan. Har daga Daura da Dutsin-Ma yara ke zuwa. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu wurin da na fi daɗewa shi ne inda ka ce gaisuwa kawai ke haɗa ka da yayanka. Ka sa wannan magana a tsakiyar wasiƙa, ka wuce ta da sauri, amma ni a wurina ita ce babba, don haka daga nan zan fara kafin mu zo kan Oga.

Yayanka bai san Oga a wannan ciniki ba. Kai ka je, kai ka roƙa, a hannunka ya danƙa abin da yake cin abinci da shi, kuma don kai ƙanensa ne ya bayar. Wata goma ke nan shagonsa na aiki da ragin na'ura guda, wanda duk mai gidan gem ya san abin da hakan ke nufi a kullum: layin yara biyu da za su zauna su biya ya tafi. Kana jiran Oga ya duba, shi kuma yayanka yana jiran ka ne. Malamanmu na Malikiyya, tun a Risala da ake karantawa a zaurukan garin nan, sun ce aro abin mayarwa ne, kuma idan sakaci ya shiga, wanda ya ara shi ke ɗaukar nauyi. To a nan sakaci ya shiga ƙarara. Duk wanda ya saba da janareto ya san ana kashe kayan wuta, a zare su, a bar injin ya daidaita na 'yan mintuna, sannan a mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba ta taɓa goge haƙƙin wani ba. Wanda ya buge maka mota ma ƙaddara ce ta haɗa ku, kuma duk da haka wurin mai gyara ake zuwa.

Saboda haka a cikin makon nan, tun kafin ka amsa kiran Oga, ka je shagon yayanka lokacin da babu jama'a. Kada ka fara da labarin wanda ya juya layi. Ka ce, "Yaya, ni na ɗauki kayanka, a hannuna ya lalace, kuma na yi laifi da na bar maganar ta kwana har yau. Ka yafe mini, ka ba ni ita in kai a duba." Sannan ka kai ta wurin mai gyara na ƙwarai. Ga abin da zai ɗan kwantar maka da hankali: idan wuta ta yi wa irin wannan na'ura yawa, sau da dama akwatin wutar da ke cikinta ne ke ƙonewa, kuma ana cire shi a sa wani ba tare da an taɓa sauran ba, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwar na'ura ba. Idan kuma ƙunar ta kai ga babban allon ciki, nan ne abin ke tsada. Ko ma wanne ne, ka sa mai gyaran ya rubuta maka kuɗin a takarda. Wata goma kana ɗauke da wani nauyi da ba ka san girmansa ba. Da zarar ya zama lamba a kan takarda, za ka ga ya zama abin da ake iya magana a kai, a raba, a biya kaɗan-kaɗan.

Yanzu mu zo kan zafin da kake ji, don gaskiya ne kuma bai kamata ka ji kunyarsa ba. Mutane kan ce ai aikin sa-kai ne, don Allah ka yi, me kake nema da godiya? Wannan magana rabinta ce daidai. Mu Hausawa mun san aikin da ba a biya tun kafin a kawo mana kalmar sa-kai, shi ne gayya. Amma gayya tana da ƙa'idarta. Mai gona shi ke kawo fura da tuwo, shi ke bin kunya-kunya yana yi wa mutane sannu, kuma ranar da aka kira gayya a gonarka, da fartanyarsa zai zo. Ba a ba kowa kuɗi, amma ba a bar kowa ya koma gida yana jin an ci da guminsa ba. Yaba kyauta tukuici. Wanda ya kwana yana tsara sunaye 64, ya ɗauko kujeru, ya share ɗaki bayan kowa ya watse, in an tsallake sunansa a wurin godiya, dole ya ji ciwo, kuma ciwon bai rage masa lada ba.

Sai dai, ɗana, bari in tambaye ka abin da na tambayi kaina shekaru masu yawa da suka wuce. A cikin shekara ukun nan, ka taɓa zaunar da Oga ka ce masa aikin ya yi maka yawa? Ina tsammanin ba ka taɓa ba. Irinku masu hidima haka kuke: ana cewa wa zai yi, kun riga kun miƙe. Shekarar farko a yi mamaki a gode, ta biyu a saba, ta uku a manta cewa mutum ne ke yi. Kujeru su zama kamar da kansu suke zuwa. Ina saurayi na yi sakataren wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, na yi irin hidimar da kake yi, aka yi mini abin da ya ɓata mini rai a kan kuɗin riguna. Ban ce komai ba, na daina zuwa kawai. Ni da shugaban ƙungiyar muka yi shekara goma sha ɗaya ba mu zauna inuwa ɗaya ba, sai a wurin wata jana'iza muka yi magana, kuma a ranar na gane bai ma san abin da ya kore ni ba. Har yau ina baƙin cikin waɗannan shekaru, shi ya sa ba zan ce maka ka ɓace shiru ba.

Ka kuma ɗan tsaya a inda Oga yake tsaye. Mutum 64 a kan naira 2,000 ya kama naira 128,000. Daga ciki za a biya ɗakin taro, a ba wanda ya ci, a sayi ruwa, a sayi mai, kuma kowa ya san yadda kuɗin fetur ya ninka tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Janareton da zai ɗauki talabijin da PS guda huɗu ko shida da fankoki tun safe har yamma ba ƙaramin mai yake sha ba. Zai iya yiwuwa Oga ya tashi daga taron da bashi a wuyansa, kuma "za a duba" ɗin da ya ce kunya ce ta wanda ba shi da abin dubawar. Zai kuma iya yiwuwa akwai saura ya yi shiru. Ba za ka sani ba sai an baje lissafi, kuma neman lissafin kuɗin jama'a ba zargi ba ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Inda ba zan nema masa uzuri ba shi ne batun yarinyar nan. Ka yi daidai da ka cire yaron, kuma ina so ka ji wannan daga bakin babba tunda ba wanda ya faɗa maka. 'Yar mutane ta shigo wuri don tana son wasa, aka ɗauki hotonta aka wulaƙanta ta a gaban mutum 400, waɗanda kowannensu yana ganin lambar wayarta. A garin da kowa ya san gidan kowa, daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Ƙaura magana ba ta kwana a hanya, kuma irin wannan abu kan bi yarinya har ranar da za a zo neman aurenta. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ta 2015 ma ta tanadi hukunci a kan cin zarafin mutum ta waya. Da Oga ya maido yaron, saƙon da ya aika wa kowace mace a zauren shi ne mutuncinta bai kai zumuncin gidansu ba, kuma sun fahimta, shi ya sa suka fita. Na san nauyin da ke kansa, wataƙila uwar yaron ce ta kira shi. Amma da ya same ka a keɓe, a sa yaron ya ba da haƙuri, a dakatar da shi wata guda, da an kare zumunci an kuma kare yarinyar. Gugar zanar da ya yi maka a bainar jama'a kuskure ne na biyu a kan na farko. Ko me ya faru tsakaninka da shi, ka nemi hanya ta mutunci, ta bakin wata daga cikin ƙawayenta ko ɗan'uwanta, ka isar mata cewa abin da aka yi mata ba daidai ba ne kuma kana ba ta haƙuri a madadin zauren. Kada ka roƙe ta ta dawo. Wannan ita za ta yanke.

To amma duk da haka, kada ka taɓa zauren nan da fushi. Na san kai ka buɗe shi, kuma a tsarin WhatsApp wanda ya buɗe zaure ba wanda ke iya tsige shi, alhali shi yana iya cire kowa. Wato wuƙa da nama suna hannunka, kuma shi ya sa zuciya ke raya maka. Mutanen nan 400 ba don kai ko don Oga suka ba da lambobinsu ba, don taron suka bayar. Amana ce aka ajiye a wayarka. Ranar da ka cire Oga da tsakar dare ka canja sunan zaure, ka ba shi labarin da zai riƙa bayarwa har abada, kuma ba wanda zai ƙara tuna PS ɗin yayanka ko hoton yarinyar. Za a ce yaron nan dama mulki yake so. Ranar da ka rufe shi kuma, yaron Daura da ya tara kuɗin mota na tafiyar kusan kilomita 80 shi ka hukunta, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai maganar Baba. A nan zan gaya maka abin da wataƙila ba ka so ji ba: a kan batun caca, Baba yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ba ta tsufa ba ce. Idan kowane ɗan wasa ya zuba kuɗi, aka tara, wanda ya ci ya kwashi daga abin da sauran suka zuba, to kowa ya shiga ne a kan ko ya samu ko ya yi asara, kuma wannan ita ce surar da malamai ke kira caca, wadda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wajen hani. Sunan gasa ba ya canja ta. Amma gyaran ba shi da wuya. Kyautar ta fito daga wanda ba ya cikin masu wasa: mai shagon waya, mai sayar da data, wani attajirin unguwa da ke son a ambaci sunansa. Kuɗin shiga kuma ya tsaya a kan ɗaki da mai da ruwa kawai, a rage shi daidai da haka, a liƙa lissafinsa kowa ya gani. Ka ɗauki wannan tsari yadda na faɗa maka ka kai wa malamin da Baba ya yarda da shi, ka ji ta bakinsa, sannan ka zo wa Baba da amsar. Uban da ya ga ɗansa ya ɗauki maganarsa har gaban malam ba zai ƙara kallon abin da idon da ba.

Game da ɓata lokaci kuwa, kada ka yi musu da shi da baki, don kwas biyun nan suna gefensa. Gaskiya ne wasan gem ya zama babban abu a duniya, har an raba lambobin yabo a kansa a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023. Mu kuma Katsinawa ba mu taɓa raina wasa ba: Sarki Muhammadu Dikko, wanda babban filin wasanmu ke ɗauke da sunansa, shi ya kafa folo, wato ƙwallon doki, a garin nan, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kan doki har wajen ƙasar nan. Amma haka nan Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, kuma alamar da ta bayar ita ce idan abin ya fi ƙarfin mutum, ya ture sauran al'amuransa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin cutarwar. Kai ba wasan ne ya cinye ka ba, hidimarsa ce, amma awon ɗaya ne. Wanda ke raba faɗan yara a waya ƙarfe biyun dare ba zai fahimci laccar ƙarfe takwas ba, kuma Asuba ma tana cikin haɗari. Baba ba ya ganin jadawalin da ka tsara da kyau. Abin da yake gani shi ne ɗansa ya rame, idonsa ja, sakamako ya faɗi, 'ya'yansa biyu ba sa magana. In ka tsaya a wurinsa, kai ma abin da za ka ce ke nan.

Ga yadda nake ganin za ka yi da kiran Oga. Ka amsa, ka gaishe shi da ladabi, ka ce kana son ku zauna kafin a fara shiri. Kada a yi ta a waya, kada a yi ta a rubuce, don rubutu ba shi da murya, kowa da irin sautin da yake karanta shi. Ka same shi a gida bayan La'asar, kuma ka tafi da mutum ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa. Abokinka ƙanensa ne, kada ka sa shi tsaka mai wuya. Ka fara da abin da yake gaskiya, cewa shi ya kawo abin nan kuma kana son ya ɗore. Sannan ka ajiye takardar mai gyara a gabansa ka ce kuɗin nan na taro ne, ka nemi a sa rana. In babu kuɗi a ƙasa, a cire shi farko daga abin da za a samu bana, ko a yi karo-karo tsakanin masu shiryawa, kai ma ka sa naka tunda kai ka aro. Daga nan ka kawo batun kyauta, sannan batun zaure: a rubuta ƙa'idoji kaɗan da kowa zai iya riƙewa, a sa masu kula uku har da mace ɗaya, kuma duk wanda aka cire ba mai maido shi sai biyu cikin ukun sun yarda, ko ɗan wane ne. WhatsApp na ba masu kula damar rufe zaure ya zama su kaɗai ke rubutu, to a riƙa rufewa daga sha ɗayan dare zuwa safe, kowa ya yi barci. Duk abin da kuka amince a rubuta shi a takarda, kowa ya riƙe kwafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin muminai aka ce a rubuta, saboda haka ba rashin yarda ba ne.

Idan za ka koma, ka koma da aiki ɗaya tak. Ni da zan zaɓa maka, jadawalin gasa zan ce, don a nan basirarka take kuma yini biyu ya ishe shi. Ka ma nuna masa da lissafi dalilin da ya sa mutum ɗaya ba zai iya ba. Gasar fitar-da-gwani ta mutum 64 wasa 63 ce. In kowane wasa da canjin 'yan wasa ya ci minti 20, a kan talabijin huɗu ana bukatar kusan awa shida, ban da hutun salla da cin abinci. Wato in an fara tara na safe, aka tsaya Azahar da La'asar a kan lokaci, da kyar a kammala wajen biyar, kuma dole a kammala ɗin, don na Daura da Dutsin-Ma su kama hanya da sauran rana, yadda hanyoyinmu suke a shekarun nan. Kowace talabijin tana son mai sa ido, ƙofa tana son mutum, kuɗi yana son mutum biyu, janareto yana son mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai shi, wanda zai ɗaga murya a kashe komai kafin a juya layi. Ka ga an kai mutum takwas. A cikin 400 ba za a rasa takwas ba, ba a dai taɓa tambaya ba ne saboda kana nan. Kuma daga yau duk na'urar da za a aro a rubuta ta wace ce, a rubuta wa zai biya in ta lalace, a kuma sa mata sitabilaiza. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan Oga ya karɓi wasu ya ƙi wasu, ka duba waɗanne ya ƙi. Rashin ambaton suna abu ne da za ka iya yafewa ko da bai gane ba. Jinkirin biya ma ana haƙuri da shi in an sa rana. Amma in ya ce kuɗin 'yan wasa dole shi za a ci gaba da rabawa, ko ya ce ɗan'uwansa ya fi ƙarfin ƙa'ida, to ka janye, kuma ka janye da rana tsaka ta ƙofar gaba. Ka miƙa ragamar zauren ga waɗanda aka amince da su, ka rubuta layi biyu cewa bana karatu ba zai bar ka ka yi hidima ba kuma kana yi wa taron fatan alheri, ka fita. Ba ƙarya ka yi ba, kuma ba ka zagi kowa ba. Masu hankali za su gane sauran. Kuɗin gyaran kuma ka ci gaba da nemansa ta hannun wanda ya raka ka, kana biyan yayanka abin da ya sawwaƙa daga aljihunka kafin nan.

Akwai ma hanya ta uku da nake so ka yi tunani a kanta ko da zaman ya yi kyau: ka huta bana ɗungurungum, ka je ranar taro a matsayin ɗan kallo ko ɗan wasa, ka zauna a kujerar da wani ya ɗauko. Ka share kwas biyun nan tukuna. In son abin ya ci gaba da motsa ka, kuma na san zai motsa, shagon yayanka yana nan. Gasar mutum takwas ranar Asabar da yamma wasa bakwai ce kacal, a na'ura biyu ba ta wuce awa ɗaya da rabi, ba kuɗin zubi, kowa ya biya kuɗin zamansa kamar kullum. Ba kishiyar taron Oga ba ce, ba ka kuma ja kowa daga zaurensa ba. Ciniki ne ka kawo wa mutumin da ya yi asarar wata goma saboda kai, kuma zama ne da zai sa ku riƙa haɗuwa kowane mako.

Amma wannan duk sai an gyara na'urar. Ka je wurin yayanka kafin Juma'a, ɗana, kuma in ka karɓo takardar mai gyara ka rubuto mini nawa ya ce, da abin da yayanka ya faɗa lokacin da ka ba shi haƙuri. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ka sa'ar jarrabawa.